Yarinya Mai Ludayi

Atiyat tana tsaye a kicin tana juya shinkafar kifi, sai ta so ta tuna yadda marigayi mijinta Shahata yake ƙwala mata kira daga ƙasan bene idan ya dawo daga teku. Ta nema ta rasa. Fuskarsa tana nan a ranta, har da haƙorin gaba da ya gutsure. Hular ulun da yake kafawa ko ana tsananin zafi tana nan. Kalmomin ma ba su ɓace ba, ta san abin da yake cewa. Muryar ce babu. Ta kashe wuta ta zauna a kan kujerar roba, ta runtse ido ta sake gwadawa, amma duk muryar da ta zo mata ta wani ce, ko ta ɗansu Midhat, ko ta mai tallan gas.

Shekara ta biyu ke nan da rasuwarsa, kuma ba ta yi masa kuka ba. Matan unguwa sun lura ranar da aka fita da gawar, sun yi ƙus-ƙus ɗinsu sun gama. Ita kaɗai ta san abin da ya tokare ta. A zamansu ba ta da wata magana da ta fi yawan jefa masa idan ya ƙure ta kamar, "Ranar da ka mutu ko ɗigon hawaye ba zan zubar ba, hutawa zan yi." Shi kuwa sai ya yi dariya ya sosa bayan kunne ya ja kwanon abincinsa. Bai taɓa mayar mata da amsa ba. Yanzu ga shi ya tafi, maganar ta tabbata a kanta, muryarsa kuma tana zarewa daga kunnenta. Wannan ya ba ta tsoro ƙwarai.

Shahata ɗan kwalekwale ne, irin waɗanda garinsu Bur Sa'id ya sani tun kaka da kakanni. Idan manyan jirage suka yi layi suna jiran a ba su hanya su shiga mashigin ruwa, sai ya tuƙa ya je gindinsu, ya cilla igiya sama, kwando ya hau da raƙuman katako da dabino da tasoshin tagulla, ya sauko da sabulu da sigari da duk abin da Allah ya hore. Ya iya ciniki da zagi a harsuna da yawa, bai iya komai bayan haka a cikinsu ba. A shekarun da bidiyo ya shigo gari, wani kukun jirgi ɗan Cana ya sauko masa da kaset ɗaya a madadin kwandon mangwaro. Rubutun jikinsa ba mai iya karantawa. Ya kai shi gidan shayin Zaglul, inda aka ɗora talabijin a kan firiji, aka saka.

Fim ɗin kunfu ne, na ban dariya. Wani malalacin saurayi yana aiki a rumfar mai taliya, kullum yana fasa kwanuka, 'yar mai rumfar tana ƙwala masa ludayi a ka, wani tsoho mai shara kuma yana koya masa faɗa da tsintsiya. Sai dai ba fassara a ƙasa, mutane suna ta surutu ba a san me suke cewa ba. Wani daga baya ya ce, "Shahata, kai da ka iya yarensu, faɗa mana mana!" Abin da Shahata ya sani a yaren Cana bai wuce "nawa ne" da "ya yi tsada" ba, sai wata kalma da yake zaton gaisuwa ce. Kowa a wurin ya san haka. Amma ya miƙe da kofin shayinsa ya tsaya a gefen talabijin, ya gyara murya, ya fara sa wa mutanen Cana magana a baki. Ranar sai da wani tela ya faɗo daga kujera don dariya.

Daga nan ya zama aikinsa na biyu, wanda ba a biyansa. Kaset-kaset na kunfu suka yi ta zuwa, wasu har da fassarar gaske, amma mutanen Zaglul ba su yarda da kowa ba sai Shahata, kuma ba wanda suka ƙi gajiya da shi kamar na farkon, wanda suka raɗa wa suna Mai Ludayi. Usta Girgis, mai gyaran rediyo a shagon da ke jikin gidan shayin, shi ya haɗa makirfo wata rana ya naɗi muryar Shahata a kan kwafi ɗaya, don a riƙa sakawa idan yana teku. Da zamani ya juya aka kawo tauraron ɗan Adam, Zaglul ya kwashe bidiyon, ya miƙa wa Shahata kaset ɗin ya ce ya ajiye abinsa.

Atiyat ba ta taɓa kallonsa ba. Ta tsani finafinan nan tsana ta gaske. Su ne suke riƙe mata miji daga la'asar har abinci ya sandare, su ne suka sa yake shigowa gida yana yi wa labule ƙafa ɗaya a sama yana ihu kamar kyanwar da aka taka. Ta hana a saka su a gidanta, ta hana Midhat leƙa gidan shayin har ya girma ya tafi Alƙahira. In ta zo wucewa ta ƙofar Zaglul ta ji ana ɓaɓɓaka dariya, sai ta ja tsaki ta ƙara sauri.

Yanzu kuwa ta jawo kujera ta hau, da gwiwoyinta masu ciwo, ta lalubo kaset ɗin a saman kwaba, a naɗe cikin tsohuwar rigar Shahata. Ta kira Midhat a waya ta ce tana son ta ga fim ɗin nan na babansa.

Midhat yaron kirki ne, amma irin masu jin rabin magana su ruga. Da Juma'a ta zagayo sai ga shi da wani akwati mai sheƙi, an zana saurayi da tsintsiya a jiki.

"Umma, kin san wahalar da na sha? Sai da na yi ta kwatanta wa mutane, mai shara, mai taliya, kafin wani ya gane shi. An sake fitar da shi a faifai, an wanke hoton tas, har da fassarar Larabci. Wancan kaset ɗin ki jefar, ya gama aiki."

Ya haɗa wayoyinsa ya saka. Hoto ya fito garau, har ana ganin zufa a goshin saurayin. Atiyat ta zauna ta naɗe hannu tana jira. Mutanen Cana suka yi ta magana da yarensu, rubutu yana gudu a ƙasa.

"Ina babanka?"

"Baba kuma? Umma, ai wannan na asali ne."

"Ni na ce maka asali nake nema? Me ya haɗa ni da mutanen Cana? Kashe."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Ta faɗa masa a taƙaice, tana kallon bango, cewa ta manta muryar ubansa. Midhat ya laluba wayarsa ko akwai wani abu da ya taɓa naɗa, amma Shahata mutum ne da in ka ɗaga masa waya sai ya rufe baki ya ƙame kamar za a yi masa hoton fasfo. Ba komai. Ya ɗauki kaset ɗin ya juya shi, ya ga farin fumfuna ta cikin 'yar tagar.

"Usta Girgis yana nan da rai?"

"Yana nan. Irinsu ba sa mutuwa, surutu ke riƙe su."

Bayan la'asar suka sauka, Midhat riƙe da kaset da faifan a leda. Shagon Girgis ya koma na gyaran waya, jikokinsa ke gaba, shi yana can ciki a tsakanin gawarwakin rediyo. Da ya ga kaset ɗin sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ummu Midhat, ke da kanki? Wannan ai rubutuna ne a jiki. Ina kika ajiye shi?"

"Saman kwaba."

"Kusa da taga, ko? Iskar tekun nan ƙarfe ma ci take, balle zare." Ya girgiza kai. "Zan gwada. Amma ki ji da kyau, in ya tafi sau ɗaya, to shi ke nan, ba lalle ya sake ba. Ki buɗe kunne tun daga farko."

Ya kwance kaset ɗin, ya zauna yana goge zaren da auduga a hankali, yana juyawa da yatsa. Ya jawo wani tsohon bidiyo daga ƙarƙashin tebur ya hure ƙura. Kafin ya gama, labari ya tsallaka gidan shayi. Zaglul ya shigo da sandarsa, tumbinsa na gaba, wasu tsofaffi suna biye da shi har da ƙwayoyin domino a hannu. Suka gaishe ta da ladabi suka jeru a bakin ƙofa.

Girgis ya yi alamar gicciye, Zaglul ya yi bisimilla, aka tura kaset. Allo ya yi yayyafi, ya yi layi-layi, sai ga rumfar taliya tana rawa, launinta ya koma kore. Aka ji shuuu, da ƙarar cokali a kofi. Sai tari. Tari biyu gajeru da ɗan jan hanci a ƙarshe. Atiyat ta dafe tebur, domin ko a cikin kasuwa ta ji wannan tarin ta san mai shi.

Daga nan bidiyon ya yi wani ƙugi, hoton ya tattare ya mutu. Girgis ya yi maza ya danna, ya zaro kaset ɗin, zaren ya biyo shi a cukurkuɗe. Ya shafa da yatsa, baƙin ya zube masa a hannu kamar toka, ya bar leda fara.

"Ki yi haƙuri, Ummu Midhat. Abin da ke riƙe maganar ne ya saki. Ko wanda ya ƙera shi ya zo ba abin da zai iya."

Atiyat ta gyara mayafinta ta ce, "Tari. Duk surutun mutumin nan, abin da ya bar min ke nan." Ta miƙe za ta fita. Baƙin cikin da ta ji ya fi na ranar jana'iza, ga shi kuma idonta a bushe.

Zaglul ya gitta sandarsa a ƙofa. "Hajiya, dakata. Kai Midhat, me ke cikin ledar nan?"

"Faifan ne, Baba Zaglul. Amma ba muryar..."

"Na tambaye ka murya? Kawo. Mu nan da kake gani, wanne ne bai haddace Mai Ludayi ba? Ni Fatiha ce kawai na fi sani a kansa."

"Ni ba na shiga gidan shayi," in ji Atiyat.

"Mun sani. Shekara da shekaru muna jin tsakinki yana wucewa. Ba shiga za ki yi ba, a bakin ƙofa za a sa miki kujera."

Haka aka yi. Aka kori masu kallon ƙwallo daga gaban babbar talabijin, suna gunaguni. Midhat ya haɗa faifan, Zaglul ya sa aka kashe sauti gaba ɗaya. Da rubutun fassara ya fito, tsofaffin suka yi ca.

"Mene ne wannan? Wai 'Malam, zan rama wa makarantarmu.' Wace makaranta? Ƙarya ne wallahi!"

"A nan cewa yake tsohon ya ci masa bashin wake!"

Midhat ya fara neman inda ake cire rubutun, Zaglul bai jira shi ba, ya warware tawul daga kafaɗarsa ya manne shi a ƙasan allon da filastar Girgis. Aka kawo wa Atiyat shayi da na'ana'a, ta karɓa ba ta sha ba.

Suka raba aiki ba tare da shawara ba. Zaglul ya ɗauki malalacin saurayi, wani tsohon direban tasi ya ɗauki mai shara, Girgis kuwa, da siririyar muryarsa, aka bar masa yarinyar. Wanda ya yi kuskure sai a taso masa.

"Ba haka ba ne, kai jaki! Sai ya faɗa cikin tukunya tukuna yake cewa ruwan ya yi gishiri!"

Saurayi ya yi tsalle ya sauka a kan kaji, tsoho ya share masa ƙafa da tsintsiya, tsofaffin da suka haura shekara saba'in suna dariya suna riƙe ƙirji, suna share ido da hannun riga. Matasan ƙwallo da suka yi fushi suka dawo suka tsaya a baya. Atiyat tana zaune a miƙe. Ta ga dai abin dariya ne, amma ba shi ta zo nema ba. Muryar Zaglul ce, mai kauri da hayaƙin shisha, ba ta kama da ta Shahata ko kaɗan.

Sai saurayin ya shigo rumfa jiƙe sharkaf, yarinyar ta tare shi da ludayi. Girgis ya maƙale murya ya ce, "Cire takalmin nan, ba kwalekwale ka shigo ba!"

Atiyat ta ɗago kai.

Yarinyar ta dangwara masa kwano. "Ga shi nan ya huce. Ka ci ko ka bar wa kyanwa, ita ta fi ka sanin lokacin dawowa gida."

Gidan shayi ya ɗauki dariya. Atiyat ta ajiye kofin a ƙasa. Wannan maganarta ce. Ta tuna ranar ma, suna sabon aure a ɗaki ɗaya na bayan masallaci, tana da cikin Midhat, ana ruwa. Yarinyar ta ci gaba, Girgis yana bin bakinta, duk abin da ya fito Atiyat ta san shi: zancen hular da ta ce za ta ƙona, zancen cewa uwarta ta gargaɗe ta da auren mutumin da ƙafarsa ba ta kan ƙasa. Ashe duk faɗan da take yi masa yana sosa kunne, kwashewa yake ya kawo nan ya sa a bakin 'yar Cana mai kitso biyu, kyakkyawa, wadda duk gidan shayin ke so. Tsofaffin ba su san komai ba, dariyarsu kawai suke. Midhat ne ya juyo a hankali ya dubi uwarsa, ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Can wajen ƙarshe aka yi wa saurayin dukan kawo wuƙa, aka ɗauko shi kwance a kan ƙyauren ƙofa aka kawo shi rumfa. Yarinyar tana ɗaure masa kai tana masifa. Tun kafin Girgis ya buɗe baki Atiyat ta san abin da ke tafe.

"Ka ci gaba, ka ji? Ranar da ka mutu ko ɗigon hawaye ba zan zubar ba, hutawa zan yi!"

A allon, saurayin ya ɗaga hannu ya sosa bayan kunne. A gida, nan maganar take ƙarewa. Amma bakin saurayin ya motsa, sai Zaglul ya yi tari biyu gajeru ya ja hanci, don haka Shahata yake yi a daidai wurin, kuma su a wurinsu tarin ma cikin fim ɗin yake. Bai kai ga fara magana ba sauran suka shigo, duk gidan shayin baki ɗaya, da wani ɗan jan ƙarshen kalma da ba na kowa ba ne a cikinsu:

"Kar ki zubar, 'yar albarka, ki adana abinki. Ni na riga na gani. Wanda ba ya son mutum ba ya tashi ya sake ɗumama masa abincin da ya rantse kyanwa zai ba."

Suka fashe da dariya, domin nan take yarinyar ta ƙwala masa ludayi a kan raunin.

Atiyat ba ta ji dariyar ba. A cikin muryoyin tsofaffin nan, a wannan jan ƙarshen kalmar, ta ji shi. Daga nan sauran ya biyo da kansa, yadda yake kiranta daga ƙasan bene, "Atiyaaat, sauko da kwando!", da 'yar shaƙewar da ke muryarsa in ya sha iskar teku. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza. Kuka ne sosai, mai sauti, a bakin ƙofar gidan shayi, a gaban masu wucewa, kuma ba ta damu ba.

Dariya ta tsaya. Girgis ya yi tsuru-tsuru. "Ummu Midhat, mun yi wani abu ne? Wallahi haka yake faɗa, ba mu ƙara ko kalma ba."

"Na sani," ta ce daga cikin mayafi. Ta share fuska, ta jawo kujerarta ta tsallake dokin ƙofa da ita, ta ajiye a cikin gidan shayin kusa da Zaglul. "Munafuki. Yana da amsa ashe, ya bar ni ina ta magana ni kaɗai. Midhat, tariyo min wurin. Kai kuma Usta, ba haka ake faɗa ba, ka cika sanyi. Bar min yarinyar, ni zan yi."